Fata ko katako: da wanne mai sha'awar aikin hannu zai fara a Yamai?

Duk wanda ya daɗe yana kallon masu aikin hannu a YouTube ko TikTok, wata rana hannunsa zai fara ƙaiƙayi. Abu biyu ne suka fi jan ido: mai haɗa tebur da kanta da katako, da mai ɗinka jaka da lalita da fata. Sai dai yawancin waɗannan bidiyoyi a Amurka da Turai ake ɗaukarsu, inda katako yake a bakin ƙofa, busasshe, an fere shi an daidaita, fata mai kyau kuwa sai mai hali. A Yamai lissafin a juye yake. Fata tamu ce, katako baƙo ne. Wanda bai lura da wannan ba zai zaɓi abin da ya dace da garejin wani Bature, alhali shi a gidan haya yake a Bukoki ko Talaje, da tsakar gida ɗaya da maƙwabta huɗu.

Tun da wuri in faɗi inda na karkata. Ga yawancin mazauna Yamai da ke son abin yi da yamma ko ranar Asabar, fata ta fi sauƙin shiga. Amma akwai mutanen da katako ne nasu, kuma akwai wurin da katako ya kayar da fata warwas. Za mu zo kansa.

Mu fara da inda kayan ke fitowa, don a nan ne bambancin ya fi girma. Nijar ƙasar kiwo ce. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ita ce ƴar'uwar jar akuyar Sakkwato, tana cikin fatun akuya da aka fi yabo a duniya saboda laushi da ƙarfi da kyan fuska. Ita ce fatake suka riƙa ketara Sahara da ita a zamanin da, har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko don daga tashoshin can take isa gare su. A 1963 aka buɗe cibiyar kiwon wannan akuya a Maraɗi. Kai da ke Yamai ba sai ka je can ba. Majema suna nan Gamkale, bakin kogi, suna jima irin ta gado: a jiƙa fata, a sa ta cikin ruwan toka ko farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare, sannan a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa ta kwana ta wuni har jima ta ratsa ta, a shafa mai, a murza. Jan launi na asali daga karan dafi yake, baƙi kuma daga kuloko, ko da yake yanzu galura ta kanti ta shiga ko'ina.

Wannan jima ta bagaruwa ita ce mai koyo yake buƙata. Fatar da aka jeme da ita tana karɓar ruwa ta lanƙwasu yadda ka so, in ta bushe ta tsaya a haka. Tana karɓar zane in ka danna mata ƙarfe, gefenta kuma yana yin santsi in ka goge shi da ɗan ruwa da tsumma. Mafi yawan fatar da masana'antun duniya ke fitarwa da sinadarin kurom ake jeme ta. Za ka gane ta in ka yanka, tsakiyarta shuɗi-shuɗi ce mai toka-toka. Tana da laushi, ba ta tsoron ruwa, amma ba ta riƙe zane, gefenta kuma ba ya gogewa. Masu bidiyon can suna biyan kuɗi mai yawa don su sami irin jimar da kai za ka saya a ƴan jikkuna.

Ba kowace fatar majema ba ce ta ƙwarai, kuma nan ne mai sayen farko yake shan kashi. Ɗaga ta ka duba ta a rana: inda wuƙar mai fiɗa ta zarce za ka ga haske yana ratsowa, wurin nan zai yage. Shinshina ta, ƙamshin bagaruwa daban, warin fatar da jima ba ta kama ba daban, kuma wannan wari ba ya fita, sai ma ya ƙaru da damina. Ninke ta da ƙarfi ka ga ko fuskar za ta tsage. In rinanniya ce, jiƙa farin ƙyalle ka goga mata. In launi ya biyo ƙyallen, to haka zai biyo aljihun farar shaddarka ranar Juma'a. Fatar akuya kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, ta dace da lalita, gidan waya, bangon littafi da ƙaramar jaka. Ta tunkiya ta fi taushi amma ba ta da ƙarfi, a bar ta wa shafi na ciki. Ɗamara da madaurin jaka da tafin takalmi sai kirgi, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, shi kuwa ya fi wuyar samu da kyau, domin fatar shanu da yawa Najeriya take tafiya, wata wajen masana'antun Kano, wata kuma tukunya, a ci ta ganda. In za ka sayi kirgi, sa a yanka maka ɗan gefe: in ka ga farin layi a tsakiya, jima ba ta ratsa ba.

Katako kuwa, wanda ake jibgewa a kasuwar Katako, kusan duk daga ƙasashen gabar teku yake zuwa: Najeriya, Benin, Gana, Kodebuwa. Kowane falanki ya sha mota ta kwana da kwanaki, ya biya kwastan, kafin ya iso hannunka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin ta wajen Gaya, kayan da ke biyo tashar Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuma duk mai gini ya ji abin a aljihunsa. Farin katako shi ne mai araha. Ba shi da nauyi, zarto yana cin sa kamar ba komai, don haka ya dace da mai koyo. Amma ba ya riƙe ƙusa da kyau, ƙwari kuma suna son sa, wata rana sai ka ga gari yana zubowa daga ƴan ramuka. Jan katako ya fi nauyi da ƙarko da kyau in an shafa masa mai, ya fi kuma tsada da wuyar yanka da hannu. Sai faffaɗan falanki mai hawa-hawa, kwantirplake, wanda ke zuwa da faɗin santimita 122 da tsawon 244. Shi ne abokin mai yin kanta da akwati, muddin ruwa bai taɓa shi ba.

Wani zai ce, ina itatuwanmu? Suna nan. Da ƙirya ake sassaƙa turmi, da aduwa ake yin allo da ƙotar gatari, azarar giginya ta wajen Gaya kuma gara ba ta cin ta. Amma wannan fagen masassaƙa ne masu gizago, ba a cika samun su a yanke falanki-falanki ba. Kuma dokar gandun daji ta 2004 ba ta bar mutum ya sare itace don ya ga dama ba. Gawo da giginya suna cikin waɗanda ake karewa. In maƙwabci ya sassabe dogon yaron ƙofar gidansa, roƙi reshe mai kauri, yana yin cokali da ƙaramar kujera. Akwai kuma katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan shaguna, wanda ake sayarwa da araha bayan an sauke kaya. Duba hatimin da ke jikinsa: mai HT da zafi aka kashe ƙwarinsa, ba laifi, mai MB da hayaƙin guba aka yi, kada ya zama abin yanka albasa ko gadon jariri.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hukunci, kuma ya fi tsananta wa katako. Falankin da aka yanka a kudu yana isowa da sauran danshi a jikinsa. Da hunturu, lokacin da iskar Yamai ke bushewa ƙarƙaf, sai ya saki ruwan nan ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa ba ya canzawa sosai. Falanki mai faɗin santimita 30 yana iya rasa rabin santimita. Ka haɗa tebur da ɗanyen katako a watan Satumba, kafin Fabrairu ka ga tsaga tsakanin falankan da za ka iya zura tsabar dala ashirin, ko fuskar ta kumbura kamar bayan kunkuru. Agusta na zuwa kuma ya sake shan danshi, ƙofar kabad ta ƙi rufuwa. Maganin ba wuya, haƙuri kawai yake so: sayi katako tun kafin ka buƙace shi, jera shi a inuwa nesa da ƙasa, da ƴan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ka ɗora masa nauyi, ka bar shi makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ga gara, wadda ba ta raina ko da ƙafar tebur ɗaya da ta taɓa dandaɓen ƙasa.

Fata ita ma tana jin hunturu: tana bushewa ta yi tauri, in an ƙyale ta ta tsage a wurin ninki. Ɗan man kaɗe ko man gyaɗa kaɗan a tsumma, sau ɗaya ko biyu a shekara, ya wadatar. In ya yi yawa sai ta yi duhu ta yi danƙo. Da damina kuma in ka kulle ta a leda za ta yi fumfuna. Abu ɗaya da ya kamata mai koyo ya sani: jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa in ta taɓa ƙarfe sai ta yi baƙin tabo da ba ya wankuwa, domin haɗuwar ƙarfe da bagaruwa ita ce ainihin yadda kuloko ke yin baƙi. Kada ka bar ta a kan teburin ƙarfe ko ka manta ƙusa a kanta.

A wajen kayan aiki tazarar ta fi fitowa fili. Na fata duk za su shiga jaka ɗaya: wuƙa mai kaifi ko reza mai mariƙi, rula ta ƙarfe, basilla, allura biyu marasa tsini, zaren nailan da guntun kakin zuma da za ka murza masa, gam, da allon roba irin na kicin da za ka riƙa yanka a kai. Basilla ma maƙeri zai ƙera maka daga wayar ƙafar keke. Ba ka buƙatar kuran, wato wutar lantarki, ba ka buƙatar tebur. Dukawa a zaune suke aiki a kan tabarma tun fil azal. In magariba ta yi ka tattara komai ka tura ƙarƙashin gado. Ƙara ɗaya ce a aikin, ta guduma in kana huda da ƙarfe mai haƙora, ita ma basilla na iya raba ka da ita.

Katako yana son zarto, guduma, metir, ma'aunin kusurwa, abin feren fuskar katako, abin matse katako aƙalla biyu, injin huda, samfefa, ga ƙusoshi da gam da fenti ko mai. Kafin duk wannan yana son wurin da za ka kafa aiki ya tsaya cak, don ba a yanka katako daidai a kan gwiwa. Yana son fili, yana zubar da ƙura, yana da ƙara. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ka kunna injin yanka ranar Lahadi da azahar, maƙwabciya tana shanya ko jaririnta yana barci, za ka ji abin da ba ka so. Ɗauko falanki daga Katako zuwa Harobanda ma sai an yi cinikin amalanke ko mota. Batun wuta kuma sananne ne: kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar nan daga Najeriya yake zuwa kafin a yanke shi a Agustan 2023, kuma ko a shekarun lafiya, watannin Afrilu da Mayu ba lokacin dogaro da kuran ba ne. Su ne kuma watannin da zafi ke wuce digiri 40, lokacin da jan zarto da hannu yake zama horo.

Akwai dabarar da ke rage rabin wannan wahala, kuma ita nake ba duk mai son katako shawara a kai. Zana abin da kake so a takarda, rubuta awon kowane yanki, ka kai katakon wurin kafinta mai inji ya yanka ya fere maka, ka biya shi ladan yanka. Kai sai haɗawa da gogewa da shafa mai a gida, da injin huda mai batir. Abin da kuwa zan roƙe ka kada ka yi shi ne ɗaura faifan zarto a kan ƙaramin injin nan na yankan ƙarfe, kamar yadda ake gani a wasu wurare. Ba don katako aka yi shi ba; in faifan ya cije, injin kan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, kuma yatsa ba ya tsirowa. Haɗarin fata bai kai nan ba: yankan reza, sukan basilla, da warin sholisho, wanda ya kamata a yi aiki da shi a waje a kuma ɓoye shi daga yara.

Wajen koyo, kowanne da irin rashin yafiyarsa. A fata, huda ɗaya in ta kauce ta zauna ke nan, ba a cike ta, ba a goge ta. Kyan aikin duk yana ga ɗinki: ja layi kusa da gefe, huda a tazara ɗaya, milimita 3 ko 4, sannan a bi da allura biyu a bakin zare ɗaya, kowace ta shiga ramin daga nata ɓangaren. Irin wannan ɗinki ko zare ya tsinke a wuri ɗaya ba ya warwarewa, abin da na keke ba ya yi. Lalitarka ta farko za ka gama ta cikin yamma ɗaya ko biyu, za ta riƙe kuɗi, amma kowa ya gan ta zai san ta farko ce. Asarar guntun fata ce kawai, ka sake wata. A katako kuwa muni yana ɓoyuwa, a cike rami da garin katako da gam, a goge, a shafa fenti. Awo ne ba ya ɓoyuwa. Ƙafa ɗaya ta gaza da milimita 2, tebur zai yi ta rawa har ranar da za a kai shi murhu, kuma in ka yanke falanki ya gaza, ka yi asarar abin da ya ci kuɗi da mota.

To, ga inda katako ya yi nasara. In niyyarka ka rage kashe kuɗi a gida, fata ba za ta yi maka ba. Je ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ko rumfunan da ke cikin gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, ka ga jaka da takalmi da tumtum da batta na mutanen da suka tashi cikin sana'ar tun suna yara. Abin da za ka kwana uku kana yi, su kafin la'asar sun gama, ya fi naka kyau, kuma in ka iya ciniki farashinsa ba zai wuce abin da ka kashe a kayan ba. Gida kuma lalita nawa yake buƙata? Bayan ta uku sai kyauta. Katako kuwa yana toshe ɓaraka ta gaske: kantar da ta shiga lungun kicin daidai, teburin karatun yara daidai tsayinsu, akwatin takalma na bakin ƙofa, gyaran kujerar da ta saki. Irin waɗannan ba a samun su a kasuwa da awon ɗakinka, kuma kafinta ba ya ɗokin ƙaramin aiki. Wanda ya iya su zai ga amfanin a gidansa shekara da shekaru. Ko nan ma a yi lissafi: masu walda sun cika garin, ƙafafun ƙarfe ba ruwansu da gara, kuma tebur mai ƙafar ƙarfe da saman katako sau da yawa ya fi sauƙi da ƙarko.

Akwai kuma maganar mutane, wadda ba a rubuta ta a bidiyo. Kafinta sana'a ce da ake koya a makarantun koyon sana'a, ba wanda zai yi mamaki in ya ga ma'aikacin gwamnati da zarto. Dukanci da jima kuwa mun saba ganin su gado, a wajen Buzaye ma aikin fata na matan maƙera ne, don haka kada ka yi mamaki in wata gwaggo ta tambaya ko lafiya. Ni ban ɗauki wannan dalilin fasawa ba. Amfaninsa ma shi ne malamai suna kusa. Ka je wurin baduku da ladabi, ka gaishe shi, ka sayi wani abu, ka ce, "Baba, ina son in ga yadda kuke fere bakin fata," da wuya ya kore ka, kuma abin da za ka gani a hannunsa cikin rabin awa ya fi bidiyo ashirin. Ga mace da ba ta cika fita ba, ko wadda ta riga ta iya ɗinki ko saƙa, fata ce ta fi kusa da hannunta. Ba don katako ya fi ƙarfin mata ba, sai don fili da ƙara da ɗaukar kaya.

Masu layya suna da wata ƙofar. A mazhabar Malikiyya ba a sayar da fatar layya, ba a kuma biyan mai fiɗa da ita, amma mai ita yana iya amfani da ita ko ya bayar. Kowace Babbar Salla fatu da yawa suna lalacewa a Yamai don ba a kula da su da wuri. In an fiɗe da hankali ba a huda ba, a kankare kitse, a zuba gishiri sosai a ɓangaren nama tun ranar, a ajiye a inuwa, sannan a kai majema. A jeme ta da gashinta ta zama buzu, ko a cire gashin ka sami abin koyon yanka da ɗinki.

Saboda haka, in kana haya, ko filinka kaɗan ne, ko lokacinka awa ɗaya ce bayan isha'i, ko kana son ka gwada ba tare da ka zuba kuɗi ba, ɗauki fata. Fara da gidan katin ɗan ƙasa ko mariƙin makulli, yanki biyu da ɗinki madaidaici, kuma ka fara yanka samfurin a kwali kafin wuƙa ta taɓa fata. Ka yanko daga wajen gadon baya, don fatar ciki tana miƙewa. In kuwa gidan naka ne, kana da rumfa ko zaure, kuma akwai abubuwa biyu ko uku da iyali suka daɗe suna cewa a kira kafinta, ɗauki katako. Fara da kantar bango ko benci, abin da ba shi da ƙofa ba shi da aljihu, da farin katako ko kwantirplake mai kaurin milimita 15. Ka sayi katakon da sanyin Disamba ko Janairu, ka jera shi ya sha iskar hunturu, ka kai yanka kafin zafin Afrilu ya shigo.